Da Wane Suna Za A Neme Mu?

Mu masu hula ne. A nan Sabo aka haife mu, cikin ƙanshin sitaci da ƙarar buroshin wankin hula muka tashi. Goro ne ya kawo kakanmu Badun, mahaifinmu ne ya karkata ga hula, mu kuma muka buɗe ido muka tarar da shago. Mu uku ne maza a cikinsa yanzu, sai ƙanwarmu da ke karatu, wadda za ku ji irin rawar da ta taka. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne mun ga matasan unguwa da yawa sun fara ɗora kayansu a kasuwannin intanet, masu turare da masu kilishi da masu takalmin fata da teloli, kuma kusan kowa kukansa ɗaya ne: na ɗora, amma shiru. Mu ma mun sha wannan shirun. Bayan mun fita daga cikinsa sai muka ci karo da wata tambaya da ta raba kan gidanmu na makonni. Mun san ba a kanmu za ta ƙare ba, shi ya sa muka ga gara a faɗe ta a fili.

Tun asali cinikinmu na ƙafa ne. Mutum ya shigo Sabo yin canji, ko ya zo cin tsire da daddare, ko ya kawo wa tela ɗinki, ya hango hula ya tsaya. Rabin kwastomominmu ba Hausawa ba ne. Akwai malaman Yarabawa, akwai 'yan siyasa, akwai angwaye da abokansu. Shekarar 2020 ta zo da korona, ƙafa ta ɗauke, bukukuwa suka tsaya. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga rikicin kasuwar Sasa a watan Fabrairun 2021, wanda aka yi asarar rayuka da dukiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Sasa da nisa daga Sabo, amma tsoro ba ya auna nisa. Mutanen da suka shekara da shekaru suna zuwa wajen Baba sai suka koma bugo waya suna tambayar lafiya, zuwa kuwa babu. Akwai ranakun da za mu buɗe shago mu rufe ba mu sayar da ko hula ɗaya ba. Ga haya, ga cefane, ga kuma abin da ya fi damun Baba: matan da ke ɗinka mana hula a Arewa, waɗanda ke jiran kuɗinsu su ciyar da 'ya'ya. Idan hula ta kwanta a Badun, tukunya ce ba ta hau wuta ba a wani gida a Borno ko Kano.

A wannan halin autanmu ya kawo shawarar intanet. Kasuwannin iri biyu ne. Akwai irin su Jumia da Konga, waɗanda suka fara a 2012, inda kamfani ke shiga tsakani, ya karɓi kuɗin mai saye, ya cire kamashonsa. Akwai kuma irin Jiji, wadda ta fara a Legas a 2014 ta kuma karɓe harkar OLX ta Najeriya a 2019, da kasuwar da ke cikin Facebook. Su waɗannan aikinsu kawai su haɗa ka da mai saye, sauran magana tsakaninku ce. Mu irin ta biyun muka shiga, domin ta fi kama da abin da muka sani: a yi tayi, a yi albarka, a daidaita.

Daren farko autanmu ya jera huluna a kan kanta ya ɗauke su hoto a ƙarƙashin ƙwan shago. Ya rubuta wa kowacce suna yadda muke kiranta: kube, zanna bukar, damanga, tangaran. Wasu ma cewa kawai ya yi hula mai kyau. Wajen farashi ya bar shi a kan sai an kira. Muka kwanta muna lissafin yadda waya za ta hana mu barci. Mako ɗaya shiru, mako biyu shiru. A mako na uku aka kira sau biyu. Na farko ɓatan lamba ne, na biyu kuma wani ne ke son ya sayar mana da nasa kayan.

Baba yana zaune a kan tabarmarsa yana kallonmu, bai ce komai ba sai wata rana bayan la'asar.

"Ku yara, wannan kasuwar taku, ina dillalinta?"

Muka yi dariya. Babban yayanmu ya ce, "Baba, ai daɗinta ke nan, ba dillali, ba la'ada. Kai ne da mai saye kawai."

Baba ya girgiza kai. "To, ni dai ban taɓa jin kasuwar da baƙo zai ci ba dillali ba. Ku bincika da kyau, yana nan."

Ƙanwarmu ce ta nuna mana shi. Ta dawo hutu ta tarar da mu muna mita, ta karɓi wayar ta ce, "Yaya, ku manta da cewa ku masu hula ne. Ku ɗauka kai Bayarabe ne a Challenge ko Akobo, ɗanka zai yi aure, kana son hulunanmu. Me za ka rubuta?" Ta rubuta hular Hausa da Turanci a gurbin bincike. Huluna suka zubo, na Legas, na Abuja, na Ilori, shafi bayan shafi, babu tamu ko ɗaya. Sai ta goge ta rubuta hula da Hausa. Sai ga namu sun fito reras, su kaɗai. Ashe mun buɗe shago ne a lungun da ba wanda ya san hanyarsa sai mu.

Wannan ɗan gurbin da ake rubutu a cikinsa, shi ne dillalin da Baba ke tambaya. Sai dai dillali ne da bai san hula ba, bai san mu ba, bai san mutunci ba. Kalmomi kawai ya sani. Mai saye ya rubuta kalma, shi kuma ya duba waɗanda suka sa wannan kalmar a kan tallarsu ya jero su. Wanda bai sa ba, ko da hularsa ta fi ta kowa, kamar babu shi ne. Mai saye kuma ba ya da haƙurin sauka ƙasa. Abin da ya gani a farkon waya shi yake taɓawa.

Daga nan muka zauna muka koyi halin wannan dillali, kamar yadda ake koyon halin sabon maigida. Abu na farko shi ne kan talla, wato layin da ke saman hoto, domin shi aka fi dubawa. Sai rukuni: mu mun jefa wasu hulunan cikin rukunin kayan ado na gida saboda gaggawa, alhali mai neman hula cikin kayan sawa na maza yake shiga. Sai wuri: manhajar tana fifita abin da ke kusa da mai nema, kuma mutane da yawa suna taƙaita bincikensu ga jiharsu ko garinsu, don haka dole a sa Oyo, a sa Ibadan yadda ake rubuta ta a hukumance. Sai farashi: masu saye suna jera kaya daga mai araha zuwa mai tsada, ko su ce daga kaza zuwa kaza, wanda kuwa bai rubuta farashi ba yakan faɗi a wannan tankaɗe. Mu da muka saba da cewa faɗin farashi tun farko rage wa kai daraja ne, sai da muka haɗiye wannan. Sai sabuntawa: sabuwar talla tana hawa sama, tsohuwa tana nutsewa, shi ya sa ɗora hula arba'in a dare ɗaya kuskure ne, gara a riƙa ɗora biyu ko uku kullum. Sai hoto: muka daina na dare, muka koma ɗauka da hantsi a ƙofar shago, kowace hula ita kaɗai a kan itacen da ake ɗora ta, gaba da gefe da sama, da ɗaya na kusa wanda zare zai fito. Sai saurin amsa saƙo, domin mai saye mutum biyar yake tura wa a lokaci guda, wanda ya fara amsawa shi ke da ciniki.

Akwai kuma na biyan kuɗi, inda za a ɗaga tallarka sama na wasu kwanaki. Mun gwada tun kafin mu gyara sauran, kuɗin ya tafi a banza, laifin kuma namu ne. Biya yana kai ka gaban layi ne, amma idan layin da ka shiga ba shi mai saye ke bi ba, gaban layi da bayansa duk ɗaya. Wanda zai biya ya fara gyara suna da hoto tukuna.

To, a wajen gyaran sunan ne magana ta taso. Idan ka fara rubutu a gurbin bincike, yakan kawo maka ƙarashen da mutane suka fi rubutawa. Ƙanwarmu tana gwada kalmomi sai ta yi shiru, ta miƙo mana wayar. Cikin sunayen da ake neman hularmu da su akwai wanda kowa a unguwar nan ya sani: aboki cap. Muka taɓa shi, sai ga talla ba iyaka, wasu ma daga ganin suna ka san 'yan'uwanmu ne suka ɗora.

Ba sai mun yi wa ɗan Sabo bayanin wannan kalma ba. A bakinmu kalma ce mai daɗi, ba ta da aibu ko kaɗan. Amma duk wanda ya taɓa tura baro a Bodija, ko ya yi acaɓa, ko ya yi gadi, ko ma ya shiga banki da babbar riga, ya san yadda take fita daga wasu bakuna. Ya san lokacin da take nufin zo nan, da lokacin da take nufin kai da ba ka san komai ba. Mun ji ta a makaranta, mun ji ta a mota. Yau ga ta a matsayin ƙofar da kuɗi ke shigowa.

Gida ya rabu. Autanmu ya ce kasuwa kasuwa ce, na'ura ba ta zagi, kalma ce kawai da ke jawo mai saye, kuma wanda ke bin bashin haya ba ruwansa da abin da aka rubuta a waya. Babban yayanmu ya ce shi ba zai rubuta da hannunsa sunan da ya yi dambe a kansa yana yaro ba. Kawunmu, ƙanin Baba, ya tsaya a tsakiya. Ya ce, "Kalmar nan fa tamu ce, mu muka koya musu ita. Kakanninku da ita suke kiran Bayaraben da suke ciniki da shi, don girmamawa. Idan wasu sun ɓata ta, sai mu bar musu? Kuma da yawan masu rubuta ta ba zagi suke nufi ba, ba su san wani suna ba ne." Gaskiya maganar Kawu tana da nauyi, har yau ba mu ce ba ta da shi ba.

Autanmu bai jira an gama shawara ba. Ya zaɓi hula biyar ya sa musu kalmar a ɓoye. Ba za mu yi muku ƙarya ba: ta yi aiki. Waya ta fara ƙara fiye da yadda ta taɓa yi. Mun sayar da uku cikin biyar ɗin a mako biyu. Amma mun lura da irin kiran da ke shigowa. Galibi masu neman mafi araha ne, na ranar al'adu a makarantar yara, wanda za a sa sau ɗaya a jefar. Idan ka faɗi kuɗin hular hannu sai a yi dariya a ce, hular aboki ce fa. Wato sunan da aka neme ta da shi ya riga ya yanke mata farashi kafin mu buɗe baki.

Ranar da abin ya fashe, wayar tana kan kanta a buɗe, kowa na ji. Wani saurayi ne, da ladabinsa ma, ya ce yana son hula ɗaya, amma tsohuwa ta fi, wadda ta ɗan koɗe. Aka tambaye shi dalili. Ya ce wasan barkwanci suke ɗauka na bidiyo, zai fito a maigadi. Baba yana ɗan jin Turanci, Yarabanci kuwa kamar a bakinsa aka yi shi. Ya ji komai. Bai yi faɗa ba. Ya sa aka ba wa saurayin haƙuri, sannan ya ce a miƙo masa wata zanna bukar da ke rataye. Ya juya cikinta ya nuna wa autanmu.

"Ka ga wannan? Mace ce ta zauna da allura tana ƙirga zare, mako da makonni, idonta na ciwo. Hular nan tana da suna tun kafin a haife ka. Abin da mutum zai kira ni a titi, ba ni da iko da bakinsa. Amma allon shagona ni nake rubutawa. Wannan abin da ke cikin waya allon shago ne ko ba allon shago ba ne?"

Autanmu ya ce, "Allon shago ne, Baba."

"To, a goge."

Aka goge. Kira ya ragu, wannan ma gaskiya ce. Duk wanda ya ce maka riƙe mutunci ba ya da farashi, bai taɓa riƙe shi ba. Mun yi makonni muna kallon tallar wasu a sama da kalmar da muka ƙi, muna sanin cewa wani cinikin namu ne ya wuce can.

A cikin waɗannan makonnin ne muka riƙa zama da Baba da Kawu suna ba mu labarin dillancin da, sai muka gane ashe matsalar tamu tsohuwa ce. Unguwar nan an kafa ta a 1916, bayan jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901 ya kuma kai Kano bayan kamar shekara goma. Goro na tafiya Arewa, shanu na gangarowa Kudu. Bafatake ya zo da shanunsa, ba ya jin Yarabanci, bai san mahauci ko ɗaya ba, kuma cinikin na bashi ne. Wa zai yarda da wa? Sai ya sauka a gidan maigida. Maigida ya ba shi masauki, ya haɗa shi da dillalansa, su kuma sun san kowane mahauci, wanda ke biya da wanda ke gudu. Idan mahauci ya ci kuɗi, maigida ne zai tsaya. Wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960 ya yi nazarin wannan tsari, littafinsa ya fito a 1969. Abin da ya gani shi ne abin da dattawanmu suka sani ba tare da littafi ba: jarin unguwar nan amana ce.

Kawu ya ce aikin dillali biyu ne. Na ɗaya harshe: ya ji na mai kaya, ya ji na mai saye. Na biyu shaida: ya ce na san wannan, na tsaya masa. Dillalin cikin waya ya bar mana duka biyun mu yi da kanmu. Kuma dillalin kirki, in ji Kawu, yana magana da harshen mai saye ne don a fahimci kaya, ba don a raina mai kaya ba.

A kan haka muka sake rubuta komai. Kowane kan talla yanzu yana da harshe biyu ko uku. Mukan fara da abin da mai saye zai rubuta wanda ba raini a cikinsa, wato hular Hausa da Turanci. Mu ƙara fila, yadda Yarabawa ke kiran hula. Sannan mu sa sunanta na gaskiya, kube ko zanna bukar ko damanga. Sai lamba, domin hula ba a sayenta da ka: 22, 22 da rabi, 23. Sai mu ce ta hannu ce ko ta inji. A cikin bayani muka koya wa mai saye yadda zai zagaya kansa da tef ɗin tela ya turo mana inci, wanda ya kashe rabin rigimar ba ta shiga ba ko ta yi yawa.

Sai muka fara tambayar kanmu: ban da sunan hula, me kuma mai buƙatarta ke rubutawa? Nan muka tarar da ƙofofin da ba kowa ke tsaye a bakinsu ba. Ango yana neman hular da za ta hau da agbada, wato babbar riga. Abokan ango suna neman anko, hula goma ko ashirin iri ɗaya, abin da su ke kira aso ebi. Gab da babbar salla, wadda suke kira Ileya, nema yana tashi, haka ma lokacin bikin Ojude Oba da ake yi a Ijebu-Ode bayan sallar. Muka riƙa sa waɗannan kalmomi inda suka dace, muna ɗorawa tun da sauran makonni, ba ana gobe ba. Muka kuma buɗe talla ta musamman ga wankin hula da guga, sana'ar da muke yi kullum ba mu taɓa tunanin a neme ta a waya ba. Ashe akwai masu huluna masu tsada a Bodija da Jericho da ba su san inda za su kai ba. Muka sa shagon a taswirar Google, wanda kyauta ne, don wanda ya nemi mai hula kusa da shi ya ga hanya. Ita kanta tallar da ke cikin kasuwar takan fito a binciken Google idan an rubuta ta da kyau.

Wajen adireshi ma an ba mu shawara. Wani mai fatan alheri ya ce mu rubuta Mokola kawai, kada mu ambaci Sabo, wai wasu na jin tsoron shigowa. Wannan karon ba a ko kai maganar gaban Baba ba. Muka rubuta Sabo, muka ƙara da Mokola don a gane hanya. Wanda ke ɗari-ɗari mukan ce ya tsaya a bakin titi mu fito mu shigo da shi. Da yawansu sukan koma da ƙullin kilishi daga maƙwabta.

Saura aiki na biyu na dillali, wato shaida. Mai saye a Akure ko Fatakwal bai san Baba ba, bai san kakanmu ba. Abin da zai gani shi ne tsawon lokacin da muka yi a manhajar da abin da waɗanda suka saya suka rubuta a kanmu. Wannan rubutun shi ne maigidanmu a can. Da farko kunya muke ji mu ce wa mutum ya rubuta mana shaida, kamar roƙo. Daga baya muka ga ai ba bambanci da a ce wa kwastoma, idan ka ji daɗi ka faɗa wa wani. Baba ya kafa doka ɗaya: hular inji a rubuta inji, ko da hoto zai iya ɓoyewa. Akwai ranar da muka aika wa wani malami a Oshogbo hula ta tashar Iwo Road, ya buɗe ya tarar launin bai yi daidai da na hoto ba. Hasken waya ne ya yaudare mu duka. Muka ce ya maido, kuɗin mota a kanmu. Mun yi asara a wannan cinikin, amma abin da ya rubuta a kanmu ya kawo mana mutum fiye da tallar da muka biya.

Mu ma an cuce mu, kada wani ya zaci hanyar sumul take. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da kowa ya koma turawa ta waya, wani ya yi odar hula shida, ya turo ɗan acaɓa, ya turo hoton shaidar biya, har saƙo ya shigo mai kama da na banki. Muka miƙa kaya. Da muka duba asusu babu ko kwabo. Tun daga ranar, ba hoto ba saƙo, sai mun buɗe manhajar banki mun ga kuɗi da idonmu. Wanda ya ce sauri yake, ya yi haƙuri. Idan kuma aike ne ta tasha, mukan ɗauki hoton kayan da lambar mota da lambar direba mu tura wa mai saye kafin mota ta tashi.

Ba mu yi arziki ba, kada a ji mu da yawa. Amma haya ba ta ƙara kwana a kanmu ba, kuma masu ɗinki suna samun kuɗinsu a kan lokaci. Abin da ya fi tsaya mana a rai ma ba kuɗin ba ne. Kafin sallar da ta wuce wani dattijo ya shigo shago daga Ijebu, da wayarsa a hannu, ya yi sallama ya ce yana neman zanna bukar, lamba 23. Harshensa ya ɗan karya sunan, amma sunan ne. Baba ya tambaye shi da Yarabanci a ina ya san shi. Ya ce a tallarmu ya gani, ya tambayi wani abokin aikinsa ɗan Maiduguri, aka ba shi labarin hular, shi ya sa ya ce ba zai saya ta waya ba sai ya zo ya taɓa da hannunsa. Bai yi tayin wulaƙanci ba. Da zai tafi Baba ya raka shi har bakin titi, muna jin shi yana ce masa, sai an jima, abokina. A nan kalmar ta koma mazauninta.

Ga abin da muke so 'yan'uwa su duba. Waɗancan kalmomi da gurbin bincike ke kawowa ba daga sama suka faɗo ba. Abin da mutane ke yawan rubutawa ne, mutane kuma suna koyon sunan kaya ne daga allon masu kaya. Duk lokacin da ɗayanmu ya sa sunan raini a kan tallarsa don ya samu kira, ya ƙara wa sunan ƙarfi, ya kuma rage wa na kusa da shi farashi. Duk lokacin da ya sa sunan gaskiya kusa da wanda mai saye ya sani, ya koya wa mutum ɗaya. Shago ɗaya ba zai juya wannan ba. Amma mu nawa ne a Sabo, da Sasa, da Ojoo, da Shagamu, da Agege? Kilishi bai canza suna ba kafin ya shiga manyan kantunan Legas. Da sunansa aka san shi, da sunansa ake nemansa.

Ba mu ce wanda ya sa kalmar ya yi zunubi ba. Mun san abin da yunwa ke sa mutum, mu ma mun sa ta mako biyu. Cewa muke yi akwai wata hanyar, tana da jinkiri amma tana kaiwa. Mai turare ya rubuta humra da turaren wuta da sunansu, ya ƙara bayanin da baƙo zai gane. Tela ya rubuta babbar riga kusa da agbada. Wanda bai iya rubutun Turanci ba ya nemi ɗalibi a gidansu, unguwar nan cike take da yara masu karatu da ke zaune da waya a hannu. Wanda ya iya kuma ya zauna da maƙwabcinsa rabin awa ya gyara masa, ba zai rage masa komai ba. Haka iyayengijinmu na da suka yi wa baƙin da suka sauka a gidajensu, da haka aka gina Sabo.

Autanmu, wanda ya fi kowa musu, shi ne yanzu ke bi shago-shago a layinmu yana duba wa mutane tallarsu bayan isha'i. Baba kuwa har yau bai taɓa riƙe wayar ba. Sai dai kullum da safe, bayan an share ƙofa an jera huluna, yakan tambaya, "Yau me dillalin naku ya ce?"

Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, ya kare mana mutuncinmu a fili da cikin waya. Amin.